Nisan Gida da Makaranta a Matsayin Ma'aunin Zaɓen Firamare a Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

A farkon kowace shekarar karatu, magidanta da dama a birnin Kano kan fuskanci tambaya guda: wace firamare za a kai yaron da ya cika shekara shida? Wasu kan bi sunan makaranta, wasu su bi inda su kansu suka yi karatu, wasu kuwa su bi shawarar maƙwabci. Abin da ba a cika ɗorawa a ma'auni ba shi ne tafiyar da yaron zai riƙa yi kullum, zuwa da dawowa, har tsawon shekara shida. Sau da yawa malamin makaranta ne uba kan fara tara da wannan tambaya, a zaure ko a ƙofar masallaci. Saboda haka ya wajaba ɗalibi mai koyon aikin malanta ya san yadda ake amsa ta da hujja. Wannan babi zai bayyana ma'anar bayanan nisa, da yadda ake aiki da su a Ingila, sannan ya nuna yadda malami zai samar da irinsu a cikin ganuwar Kano domin ya taimaki iyaye.

2.0 Ma'anar Bayanan Nisa

Bayanan nisa su ne alƙaluman da ke nuna tazarar da ke tsakanin makaranta da gidajen yaran da ta ɗauka a shekarun baya. Ana auna wannan tazara ta hanya biyu. Ta farko ita ce a ja miƙaƙƙen layi a kan taswira daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta. Ta biyu ita ce a bi hanyar da mai tafiya a ƙasa zai bi, da duk kwane-kwanenta. Amfanin waɗannan bayanai shi ne a dubi abin da ya faru da yaran bara da na bariya, domin a yi hasashen abin da zai iya faruwa da yaron bana.

3.0 Yadda Ake Aiki da Su a Ingila

A Ingila yaro kan shiga ajin share fage na firamare a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsa shekara huɗu. Iyaye kan miƙa takardar nema ta hannun ƙaramar hukumarsu zuwa ranar 15 ga Janairu, a sanar da sakamako a tsakiyar Afrilu. Ana ba su damar jera aƙalla makarantu uku bisa yadda suka fi so, a Landan kuwa har shida. Wata doka ta shekarar 1998 ta hana ajin ƙananan yara ya wuce ɗalibi 30 ga malami ɗaya, don haka gurbi ƙidayayye ne.

Idan masu nema suka fi guraben yawa, akan fara da yaran da ke ƙarƙashin kulawar hukuma. A makarantu da yawa, sai a biyo da waɗanda yayyensu ke makarantar, sannan a raba sauran guraben bisa kusanci. Tazarar gidan yaron ƙarshe da aka ɗauka ita ce ƙananan hukumomi da dama kan wallafa kowace shekara. Uban da ya ga cewa shekara uku a jere wata makaranta ba ta ɗauki yaron da ya wuce mita 600 ba, alhali gidansa yana da nisan mita 900, ya san da wuya ɗansa ya samu. Tun daga shekarar 2007 aka hana makarantu fifita wanda ya sa su a zaɓin farko, saboda haka uba ba ya asarar komai idan ya fara da wadda ya fi so. Abin da ake gargaɗinsa a kai shi ne kada ya cika takardar da makarantun da suka fi ƙarfinsa kaɗai. Idan duk ya rasa, hukuma ce za ta zaɓa masa wadda ke da sauran gurbi, ko da tana da nisa.

4.0 Halin da Ake Ciki a Cikin Ganuwar Kano

Makarantar boko ta farko a Kano, wadda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a shekarar 1909, a Nassarawa take, a wajen ganuwa. Daga baya ne aka sami makarantu a cikin gari, kuma a yau akwai irin su Shahuci da Gidan Makama da Kwalli da Dandago. Yawan masu shiga ya ƙaru da shirin UPE na shekarar 1976, da shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, wanda dokar 2004 ta ƙarfafa da wajabta karatun shekara tara kyauta. Gwamnatin Jihar Kano ta sake shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024.

Ba al'adar firamaren gwamnati ba ce a Kano ta mayar da yaro gida saboda nisan unguwarsu, kuma ba a wallafa tazarar yaron ƙarshe kamar yadda ake yi a Ingila. Galibi karɓa ake yi ko da aji ya cika. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibi 35 a firamare, amma azuzuwa da yawa a cikin gari sun zarce haka nesa ba kusa ba. Ke nan aikin nisa a nan ya bambanta. A Ingila shi ke yanke wanda zai sami gurbi, a Kano kuwa yana daga cikin abubuwan da ke yanke wanda zai riƙa zuwa a kan lokaci, da wanda zai jure har aji shida.

Tsarin birnin shi ya sa haka. An fara gina ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Unguwannin da suka girma a cikinta, waɗanda a yau suke ƙarƙashin ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale, ba a yanka su bisa layi ba. Lunguna suna lanƙwasa, wasu ma ba sa ɓullewa. Akwai kududdufan da aka haƙa ƙasar gini a cikinsu, akwai rafin Jakara, ga cunkoson kasuwannin Kurmi da Rimi, ga kuma manyan tituna irin wanda ya taso daga Ƙofar Mata ya nufi Masallacin Juma'a. Makarantar da ake jin ƙararrawarta daga tsakar gida tana iya zama sai an yi dogon zagaye kafin a kai ƙofarta. Don haka awon miƙaƙƙen layi yaudara ne a cikin gari, awon ƙafa shi ne abin dogaro.

Bugu da ƙari, yaron birni ba makaranta ɗaya yake zuwa ba. Akwai makarantar allo, akwai Islamiyya da yamma, wani ma har da ta dare. Duk mintin da hanya ta cinye, daga lokacin cin abinci ko na hutu aka cire shi. Abin hawa ma ba kowa ke iya jure kuɗinsa ba. An hana acaɓa a Kano a 2013, kuma kuɗin A Daidaita Sahu ya tashi bayan cire tallafin man fetur a 2023.

5.0 Yadda Malami Zai Samar da Bayanan

Ko da yake ba a wallafa bayanan nisa, kayan haɗa su suna nan a ofishin shugaban makaranta. Rajistar ɗaukar ɗalibai tana ɗauke da sunan yaro da na mahaifinsa da unguwarsu. Rajistar kiran suna kuma tana nuna zuwansa da fashinsa. Idan aka haɗa littattafan biyu, za a ga abin da ɗaya kaɗai ba zai nuna ba. Ga matakan da za a bi:

(a) A nemi izinin shugaban makaranta, a ɗauko rajistar aji ɗaya ta aƙalla shekara uku da suka wuce.

(b) A kasa yaran bisa unguwanninsu, ba tare da fitar da sunan kowa ba, domin sirrin gidaje amana ne.

(c) A taka hanya daga kowace unguwa zuwa makaranta da safe, a daidai lokacin da yara ke fitowa, a rubuta mintunan da aka ci. Yaro ɗan shekara shida kan ci kimanin minti 20 a kilomita ɗaya, fiye da abin da babba zai ci.

(d) A rubuta abin da ke kan hanyar: titi nawa ake tsallakawa, ko akwai kasuwa, ko wurin da ruwa ke tarewa da damina.

(e) A ƙirga yara nawa daga kowace unguwa suka kai aji uku ko huɗu, da kuma yawan fashinsu, a ware maza daban mata daban.

Ware 'yan mata yana da muhimmanci, domin iyaye sun fi saurin dakatar da 'ya mace idan hanya ta yi nisa ko ta ratsa kasuwa.

6.0 Jera Zaɓi: Misali

A ƙaddara wani magidanci yana da makarantu uku a gabansa. Ta farko ta yi suna, amma tafiyar kilomita ɗaya da rabi ce, kuma sai an tsallaka titi biyu. Wannan na nufin kimanin minti 30 zuwa, 30 dawowa, wato awa guda kullum. A ƙaddara kuma rajista ta nuna cewa cikin yara 20 da aka ɗauka daga unguwarsa, 12 ne suka kai aji huɗu. Ta biyu tana da nisan mita 700, babu titi a tsakani, kuma 18 cikin 20 sun ɗore. Ta uku tana bayan gida, sai dai ajin farko ya cika har wasu na zaune a bakin ƙofa.

Malamin da ya san aikinsa ba zai ce wa uban kai tsaye ya kai ɗansa nan ko can ba. Zai shimfiɗa masa abin da littattafai suka nuna, sannan ya tambaye shi: akwai yaya ko ɗan maƙwabci da zai riƙa riƙe hannun yaron? Ƙarfe nawa ake shiga Islamiyyarsu? Idan akwai mai rakiya amintacce, ta farko tana iya zama zaɓi. Idan babu, ta biyu ta fi dacewa, a riƙe ta uku a matsayin madogara idan wani uzuri ya taso. Darasin da aka koya daga Ingila shi ne wannan: a fara da abin da ake so, amma kada a rasa wadda aka tabbatar yaro zai iya kaiwa kullum.

7.0 Abubuwan Lura

Bayanan baya jagora ne, ba alkawari ba ne. A Ingila tazarar yaron ƙarshe kan canja daga shekara zuwa shekara gwargwadon yawan haihuwa da yawan ƙannen da suka biyo yayyensu. A Kano ma gina sabbin azuzuwa, ko sauyin shugaban makaranta, ko faɗaɗa titi, ko buɗe makarantar kuɗi a unguwa, duk suna iya sauya lissafi. Shi ya sa ba a dogara da shekara ɗaya.

Haka kuma, ba duk yaron da ya ɓace daga rajista ba ne nisa ya kore shi. Wani iyayensa ne suka tashi zuwa sabbin unguwanni a bayan gari, wani talla ce ta riƙe shi, wani rashin lafiya. Wajibi ne malami ya tuntuɓi mai unguwa da ƙungiyar iyaye da malamai kafin ya yanke hukunci. Sannan kusanci kaɗai ba ya koyar da karatu. Ya kamata uba ya taka da kansa ya ga ajin, ya ga ko malamai na shiga, ya ga ruwan sha da banɗaki, domin gani ya kori ji.

8.0 Kammalawa

An ga cewa a Ingila hukuma ce ke wallafa bayanan nisa domin iyaye su san inda za su iya samun gurbi. A birnin Kano kuwa bayanan suna kwance a cikin rajistoci, kuma amfaninsu shi ne sanin inda yaro zai iya ɗorewa. Fitar da su ba ya bukatar kuɗi ko na'ura, illa rajista da agogo da tafiyar safiya. Malamin da ya yi wannan aiki zai ba iyaye shawara bisa hujja, kuma zai ba hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma dalilin sanin unguwar da ta fi bukatar ƙarin azuzuwa.

9.0 Auna Fahimta

1. Bambanta awon miƙaƙƙen layi da awon ƙafa. Wanne ya fi dacewa da cikin ganuwar Kano, kuma me ya sa?

2. Bayyana bambancin aikin da nisa ke yi a Ingila da wanda yake yi a Kano.

3. A lokacin koyarwar gwaji, a zaɓi unguwanni uku da ke turo yara makarantar da aka tura ɗalibi, a bi matakan da ke sashe na 5.0, a rubuta rahoto na shafi biyu.