Tiyatar haihuwa kyauta: wa zai riƙe wuƙar a ƙasar Zuru?

A watan Nuwamba na 2024, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar a Abuja cewa gwamnatin tarayya za ta ɗauki nauyin tiyatar haihuwa ga mata marasa galihu. Albishir ne babba, domin kuɗin tiyata ya sha tilasta wa magidanta sayar da hatsi ko dabba cikin dare. Amma sanarwar ta amsa tambayar kuɗi ne kawai. Ga matar da naƙuda ta yi wa gardama a Dabai, ko a wani ƙauye na Danko-Wasagu, Fakai ko Sakaba, akwai wata tambaya da ta riga ta kuɗi: idan ta isa asibiti, wa zai yi mata aikin, kuma wa ya koya masa?

Alƙaluma sun nuna girman abin da ake magana a kai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 ne suka mutu a Najeriya a shekarar 2020 sanadiyyar ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duk duniya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 kuma ya nuna cewa kusan kashi 3 cikin ɗari ne kacal na haihuwa ake yi ta hanyar tiyata a Najeriya, sannan a Jihar Kebbi haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai kashi 10 cikin ɗari ba. Ƙarancin tiyata irin wannan ba alamar ƙoshin lafiya ba ne. Ma'anarsa ita ce matan da suke buƙatar aikin ba sa samunsa.

Abin da ke faruwa a doguwar naƙuda ba shi da wuyar fahimta. Kan jariri yakan tokare a ƙugun uwa, ya kasa wucewa, mahaifa kuwa ta ci gaba da turowa. Tsokar da ke tsakanin kan jaririn da ƙashin ƙugu, wadda ta haɗa da bangon mafitsara, sai ta matse har jini ya daina isa gare ta. Idan aka kwana biyu ko uku a haka, yawanci jaririn yakan mutu, mahaifa tana iya fashewa, idan kuma uwar ta tsira, naman da ya mutu yakan zube bayan 'yan kwanaki ya bar ƙofa. Wannan ƙofa ita ce yoyon fitsari. Tiyatar da ba ta wuce sa'a guda ba, in an yi ta a kan lokaci, tana hana duk wannan.

A nan ne maganar horo ta shigo, kuma a nan ne akasarin muhawararmu ta siyasa take tsayawa, domin gini da injuna sun fi saurin shiga hoto. Kafin mutum ya zama ƙwararren likitan mata a Najeriya, sai ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki inda yake zagaya manyan sassa huɗu, kusan wata uku a kowanne, sannan ya yi hidimar ƙasa. Bayan haka sai ya ci jarrabawar share fage, ya sami gurbi a asibitin da aka amince ya horar, ya shafe shekara biyar zuwa shida yana aiki ƙarƙashin manya, ya kuma ci jarrabawa mataki biyu ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko ta Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma. Jimilla, shekara goma sha uku ko fiye. Wuraren wannan horo manyan asibitoci ne irin na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, na Ahmadu Bello da ke Shika, da na Aminu Kano. Wanda ya yi waɗannan shekaru a birni, ya yi aure, ya sa 'ya'yansa makaranta, da wuya ya tattara ya koma karkara, balle yankin da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru. Wasu ma ƙasar suke bari baki ɗaya: Minista Pate da kansa ya ce a 2024 likitoci kimanin 16,000 sun fice daga Najeriya cikin 'yan shekarun nan.

Saboda haka, a yawancin asibitocin ƙananan hukumomi na Arewa, mai yin tiyatar haihuwa ba ƙwararren likitan mata ba ne. Likita ne na gama-gari, wani lokaci ma ɗan hidimar ƙasa, wanda tsayayyen horonsa a sashen haihuwa bai wuce waɗancan watanni uku ba. Ba aibu ba ne gare shi. Mata da yawa suna raye yau saboda irinsa. Aibun yana ga tsarin da ya ɗora masa aiki mafi wuya. Tiyatar da aka tsara tun da wuri a asibitin koyarwa, ga jini a ajiye, ga mai ba da maganin sa barci, ga babban likita a kusa, ita ce mafi sauƙi. Wadda ake kawowa asibitin karkara da ƙarfe biyun dare, bayan kwana biyu ana naƙuda a gida, ita ce mafi haɗari: kan jariri ya nutse cikin ƙugu, ƙasan mahaifa ya yi siriri kamar takarda, mafitsara ta kumbura ta hauro sama daidai inda za a tsaga, jijiyar da ke kawo fitsari daga ƙoda kuma tana dab da inda za a ɗinke. Kuskuren ɗinki ɗaya ya isa ya jawo yoyon da ake ƙoƙarin hanawa. Wani nazari da likita Thomas Raassen da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, kan mata kusan 6,000 da aka yi wa gyaran yoyon fitsari a ƙasashe 11, ya gano cewa kusan kashi 13 cikin ɗari sun same shi ne a hannun masu tiyata. Wato idan aka yawaita tiyata ba a yawaita horo ba, ana iya rage wata cuta a ƙara wata.

Arewa ba baƙuwa ba ce ga horon fiɗa mai inganci a wajen asibitin koyarwa. A farkon shekarun 1980, likita Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina, ya tarar da matan da yoyon fitsari ya raba da gidajensu, ya duƙufa gyara su. Daga wannan wuri da cibiyar Laure ta asibitin Murtala a Kano ya horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa, hannu da hannu, mako bayan mako. Ya kuma nuna cewa saka robar fitsari da wuri, na 'yan makonni, yana iya warkar da wani kaso na sabon yoyo ba tare da wuƙa ba, abin da ma'aikaciyar jinya a Zuru za ta iya yi idan an koya mata. Babbar Ruga yanzu cibiyar tarayya ce, Kebbi kuma tana da tata cibiyar a Gesse, cikin Birnin Kebbi. To amma wannan duk gyara ne bayan ɓarna. Ba mu gina irin wannan tsari na koyarwa ga tiyatar farko, wadda za ta hana matar zuwa Gesse tun asali, ba.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. Mozambik, da likitocinta suka watse bayan samun 'yanci, ta fara horar da jami'an fiɗa waɗanda ba likitoci ba ne tun 1984, kuma su ne suke yin mafi yawan tiyatar haihuwa a asibitocin gundumomi, suna kuma daɗewa a can fiye da likitoci. Malawi da Tanzaniya suna da makamancin haka. Najeriya ta amince da manufar raba ayyukan lafiya a 2014, amma ba ta kai ga miƙa wa wanda ba likita ba wuƙar tiyata ba, kuma da wuya ƙungiyoyin likitoci su yarda. A ganina ba sai an jira wannan gardama ta ƙare ba. Gwamnatin jiha tana da ikon hana tura sabon likita asibitin karkara sai ya yi wasu watanni a ɗakin tiyatar haihuwa na Birnin Kebbi ko Sakkwato, an ƙidaya ayyukan da ya yi ƙarƙashin kulawa. Tana da ikon biyan ƙwararru su riƙa zagayawa Zuru, Yawuri da Argungu a kai a kai. Tana kuma iya ɗaukar nauyin karatun ƙwarewa ga 'yan asalin yankin bisa sharaɗin su dawo. Ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta daɗe tana kiran jihohi su aiwatar da dokar horon da aka sanya wa hannu a 2018. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake yanka ƙyalle a kansa, wataƙila shi ya sa ba ma jin su a dandalin kamfe.

Ko an sami gwanin ma, hannunsa kaɗai bai isa ba. Sai da jini a firji, da wutar da za ta riƙe firjin, da mai ba da maganin sa barci, da ungozomar da za ta gane tun a asibitin ƙauye cewa naƙudar nan ta tsaya. Sai kuma hanya. Kwamitin mujallar Lancet kan fiɗa ya sanya ma'auni a 2015: kowane mutum ya iya isa wurin da ake tiyatar haihuwa cikin sa'a biyu. Daga Dabai zuwa babban asibitin Martha Bamaiyi da ke Zuru tafiya ce gajeriya. Amma idan aikin ya fi ƙarfin Zuru aka ce a wuce Birnin Kebbi, sai an bi ta Mahuta, Koko da Jega, tafiyar da ta zarce sa'a biyu ko da rana tsaka. Matar da ta taso daga ƙauyen Sakaba ko Wasagu kuwa, sau da yawa sai ta jira gari ya waye, domin ba kowane direba ne yake yarda ya hau hanyar da dare ba.