Ladubban Rubuta Harshen Asembili

Kasancewar harshen asembili yana magana da na'ura kai tsaye, kowane layi ɗauke da umarni guda ƙanƙani, ma'abota wannan fanni sun daɗe da yin ittifaƙi a kan tsarin da zai sauƙaƙa wa mai karatu. Tun zamanin kwamfutar IBM System/360 ta 1964, lokacin katunan da ake hudawa masu gurbi 80, aka saba sanya laƙabin layi a gurbi na 1, umarni a na 10, abin da zai sarrafa a na 16, sannan sharhi ya biyo baya. Sharhin nan, a ganina, shi ne jigo, muddin ya fayyace maƙasudin umarnin maimakon maimaita lafazinsa. Adadin da ke yawan maimaituwa kuwa, gara a raɗa masa suna ta hanyar umarnin EQU.