Babban Likitan Dabbobi na Tarayya da Abin da Ya Shafi Hakimai

Kowane Hakimi a arewacin Kano ya san cewa arzikin talaka a ƙasarsa ba a gona kaɗai yake ba. A gundumomin Ɗambatta da Bichi da Kunci da Makoɗa gonaki sun haɗe, babu sauran dajin kiwo sai kaɗan. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a turke, da rani a kwashe takinsu a kai gona. Wanda cuta ta kashe wa dabbobi ya rasa kuɗin biki da na magani, gonarsa kuma ta rasa taki. Saboda haka ya kamata Hakimai da malamansu su san ma'aikacin da Gwamnatin Tarayya ta ɗora wa tsaron lafiyar dabbobin Nijeriya duka, watau Babban Likitan Dabbobi na Tarayya.

Ofishinsa

Ofishinsa yana Abuja. Dā yana ƙarƙashin Ma'aikatar Gona, amma cikin 2024 aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, aikin dabbobi ya koma can. Ikonsa yana fitowa daga Dokar Hana Yaɗuwar Cututtukan Dabbobi ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988. Ba shi yake zagaya ƙauyuka da allura ba. Wannan aikin likitocin Jiha ne da malaman dabbobi. Shi nasa tsara hanya, da tattara labari, da ba Minista shawara.

Ayyukansa

Na fari, shi ne bakin Nijeriya a Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wadda aka kafa a Faris cikin 1924. Idan wata babbar cuta ta ɓulla, wajibi ne ya sanar da hukumar cikin awa 24 bayan an tabbatar da ita, sa'an nan ya aika da rahoto kowane wata shida. Da wannan labari ne ƙasashe ke yanke shawarar ko za su sayi fatu da ƙiraga da kaji daga Nijeriya ko za su rufe ƙofa.

Na biyu, shi ke shirya yaƙi da cuta in ta ƙetare iyakar Jiha ɗaya. Yana iya ba da shawara a tsai da zirga-zirgar dabbobi, ko a killace wuri, ko a hallaka kajin da suka kamu.

Na uku, yana aiki tare da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka buɗe cikin 1924. Can ake gwada jini da naman dabbar da ake zargi, can kuma ake yin yawancin allurar riga-kafi.

Abin da ya faru a baya

Wajen 1890 bushiya ta faɗa wa shanun ƙasar Hausa da Barno, ta bar Fulani da yawa da sanda kawai. Cikin 1962 Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka haɗa kai, aka yi ta yi wa shanu allura shekara uku a jere, ana sa wa kowace alama a kunne. Cutar ta kwanta. Amma da aka yi sakaci sai ta dawo cikin 1983, ta yi ɓarna mai yawa. Aka sake ɗaura ɗamara, har cikin 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Cikin Fabrairu 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, ba a daɗe ba ta bayyana a Kano. Ta sake dawowa Kano cikin Janairu 2015. An hallaka kaji masu yawa, Gwamnati ta biya diyya. Yanzu ƙasashen duniya sun ɗauki alkawarin kawar da cutar nan ta awaki da tumaki mai sa zawo da majina, wadda likitoci ke kira PPR, kafin ƙarshen 2030. Wannan kuwa ita ce ta fi taɓa aljihun matan ƙauye, masu akuya biyu ko uku.

Inda Hakimi ya shigo

Babban Likita ba ya ganin turken da ke bayan ɗaki a ƙauye. Abin da ya sani shi ne abin da aka gaya masa. Labari yana tashi daga mai unguwa zuwa Dagaci, daga Dagaci zuwa Hakimi, daga nan zuwa malamin dabbobi, zuwa Daraktan Jiha, har Abuja. In aka yi nauyin baki a matakin farko, duk sauran sun makance. Dabbobi kuwa suna shigowa daga Nijar ta Maigatari da Mai'aduwa, su haɗu a kasuwar Ɗambatta, su watsu cikin kwana kaɗan. Mutum ya kan ɓoye ciwon dabbarsa ya garzaya da ita kasuwa don kada ya yi hasara, alhali ya kai wa maƙwabtansa hasarar da ta fi tasa.

Don haka ana roƙon Hakimai su kula da waɗannan:

1. Duk inda dabbobi ko kaji suka yi ta mutuwa a jere, a sanar da malamin dabbobi a ranar, malamin Hakimi ya rubuta sunan gari da yawan waɗanda suka mutu da alamun ciwon.

2. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta dubura, kada a feɗe ta, kada a ci namanta, gama ciwon saifa yana kama mutane. A haƙa rami mai zurfi a binne ta.

3. A gargaɗi sarkin fawa da dillalai kada su karɓi dabbar da ta fito daga garin da aka killace.

4. In an sa ranar allura, a yi shela tun da wuri, a gaya wa ardo-ardo, a kuma tabbata matan aure sun aiko da awakinsu.

Riga-kafi ya fi magani. Hakimin da ya kai labari da wuri ya tsare dukiyar talakawansa da ta gundumomin da ke maƙwabtaka da shi.