Ko Kun Sani? Ba Mutum 300 Kaɗai Suka Tare Mashigin Tamofili Ba

Tun kafin fim ɗin 300 ya fito a watan Maris na 2007, tallarsa ta riga ta cika intanet: Sarki Liyonidas na Sifata da zaratan mayaƙansa, ƙirji a waje, sun tare rundunar Farisa. Zack Snyder ne ya ba da umarni, kuma daga littafin zane na Frank Miller na 1998 ya ɗauko labarin. Kusan duk fim ɗin a cikin ɗaki aka ɗauke shi a Montiriyal, gaban shuɗin labule, kwamfuta ta ƙera duwatsu da sararin sama.

An yi ainihin yaƙin a shekarar 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Girkawa wajen 7,000 ne suka toshe wa Sarki Zaksis na Farisa hanya a ƙuntataccen mashigin Tamofili, dutse a gefe, teku a gefe. Kwana biyu Farisawa na kai hari a banza, sai wani ɗan yankin mai suna Efiyaltis ya nuna musu ɓarauniyar hanya ta bayan dutse. A rana ta uku Liyonidas ya sallami yawancin dakarun, amma mutanen Tesfiya 700 da na Tibis 400 suka tsaya tare da shi da mayaƙansa 300. Sai dai yabo ya tafi Sifata, ba a cika tuna Tesfiya ba.

Tamofili na nufin "ƙofofi masu zafi", saboda maɓuɓɓugan ruwan zafi da ke wurin. Yau lakar kogi ta ture tekun nesa, babban titin mota ne ya ratsa filin.