Kafin Yaro Ya Shiga Aji: Ziyarar Da Iyaye Ya Kamata Su Fara Kaiwa Makarantar Firamare

   

Duk wanda ya tashi a zango ya san yadda ake kai yaro makarantar allo. Uba ne da kansa yake riƙe hannun ɗansa, ya sayi allo, ya ƙulle goro ko ɗan abin sadaka, ya je ya durƙusa gaban malam. Ya san sunan malamin, ya san gidansa, ya san wurin wanda ya yi karatu. Amma da an zo batun boko, wadda mu a nan Kumasi muke ce wa sukul, sai al'amari ya canja. Sai a ɗinka yunifom, a kira yayar yaro a ce, "Ke, kai shi wurin hedimasta ya rubuta sunansa." Da yawanmu 'ya'yanmu sun kai aji huɗu ba mu taɓa leƙa ajinsu ba, sai ranar da aka aiko kiranmu saboda wata matsala.

Hukumar Ilimi ta Ghana, wato GES, tana da wani shiri da take yi a farkon kowace shekarar karatu, wanda a turance take kira My First Day at School, ma'ana ranar farko ta yaro a makaranta. Jami'an ilimi da shugabannin ƙananan hukumomi sukan zaga makarantu, su yi wa sababbin ɗalibai maraba, su raba musu littattafan rubutu da fensir da ɗan abin taɓawa. Abu ne mai kyau, amma wannan rana ta yara ce. Ranar iyaye tana gabanta, kuma ba a kalandar kowa take ba. Wasu makarantu sukan kira taron sababbin iyaye kafin a buɗe, wasu ba sa kira. Inda ba a kira ba, babu abin da ya hana uba da uwa su sa tufafinsu su je ofis su yi sallama. Tun da shekarar karatu ta dawo farawa a watan Satumba, bayan rikicewar da cutar korona ta jawo har aka koma buɗewa a Janairu a 2021, lokacin da ya fi dacewa shi ne zango na uku, kafin a tafi dogon hutu, lokacin da yara suke cikin aji. Ginin da babu kowa a ciki ba ya nuna komai.

Mu fara da sanin tsawon tafiyar. Ilimin tushe a Ghana shekara 11 ne: biyu a ajin share fage da kowa ke kira KG, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, sannan jarrabawar BECE. Tun gyaran tsarin ilimi na 2007 KG ta shiga cikin wannan lissafi. Yaro yana shiga KG yana da shekara 4, ya shiga aji ɗaya yana da shekara 6. Mu kan jinkirta, mu ce bari ya ƙara ƙwari, ko bari ya yi nisa a allo tukuna. Sai ka ga ɗan shekara tara zaune tsakanin 'yan shida, ya fi kowa tsawo, ana yi masa dariya. Idan mace ce, tana isa ƙaramar sakandare ta riga ta zama budurwa, maganar aure ta fara shigowa gida, jarrabawa kuwa da saura.

Abu na farko da za a yi a ofishin hedimasta shi ne rubuta suna da ranar haihuwa a rajista, kuma a nan ne muke so iyaye su fi natsuwa. Aikin minti biyar ne, amma yana bin mutum har tsufansa. Malamin da zai rubuta sau da yawa ba Musulmi ba ne, abin da kunnensa ya ji shi zai sa. A'ishatu ta koma Ayishetu, Husaini ya koma Fuseini, Sa'idu ya koma Seidu, Ibrahim ya koma Braimah. Waɗannan ba laifi ba ne a kansu, sunaye ne da aka saba da su a ƙasar nan. Matsalar ita ce takardar haihuwa ta ce abu ɗaya, katin asibiti ya ce wani, rajistar makaranta ta ce na uku. Abdurrahman kuma a raba shi biyu, Abdul ya zama sunansa, Rahman ya zama sunan ubansa. Wani yaron sunan kakansa ya ci, a gida ba a faɗin sunan, Baba ake ce masa. In aka tambaye shi a ofis, Baba zai ce, haka kuma za a rubuta. Akwai gidan da 'ya'ya uku uwa ɗaya uba ɗaya suke da sunan mahaifi iri uku, domin kowannensu mutum daban ne ya kai shi.

Ba a jin zafin wannan sai an zo rajistar BECE, ko katin ɗan ƙasa, ko fasfo na aikin Hajji ko na karatu a waje. A lokacin gyara yana bukatar takardar rantsuwa, wani lokaci har da bugawa a mujallar gwamnati ta Gazet, ga kuɗi ga zirga-zirga. Maganinsa mai sauƙi ne. A je da takardar haihuwa, a buɗe ta a kan teburi, a roƙi malam ya kwafa harafi bayan harafi, sannan a duba da ido. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da wanda ya iya, ba abin kunya ba ne. Ga masu jarirai kuma, rajistar haihuwa kyauta ce kafin yaro ya cika shekara ɗaya. Bayan haka sai an biya. A haɗa da littafin awo na asibiti mai nuna allurar rigakafi, da katin inshorar lafiya. Idan yaro yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko ba ya ji sosai da kunne ɗaya, a faɗa tun ranar. Mun san halinmu na rufa asiri, amma malamin da bai sani ba zai ɗauki yaron a matsayin mai taurin kai ko malalaci.

Sai batun harshe, wanda a unguwa irin Anloga ba ƙaramin abu ba ne. Unguwar ta samo sunanta daga mutanen Anlo, 'yan ƙabilar Ewe da suka zo daga yankin Volta suka zauna, waɗanda aikin kafinta ya yi musu suna kafin a mayar da kasuwar katako Sokoban. Yau a layi ɗaya za ka ji Ewe da Twi da Hausa da harsunan arewacin ƙasar nan. A makaranta kuwa, tsarin gwamnati shi ne a koyar da yara da harshen gida daga KG zuwa aji uku, Turanci yana shigowa a hankali, daga aji huɗu ya karɓi ragama. An taɓa soke wannan a 2002 aka ce Turanci zalla, aka dawo da shi a 2007. To amma harsunan da gwamnati ta amince a koyar da su sun haɗa da: Asante Twi, Akuapem Twi, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Gonja, Kasem da Dagaare. Babu Hausa a ciki, duk da yawan masu jin ta a zangunan ƙasar nan. Saboda haka a Kumasi harshen gida na aji shi ne Asante Twi.

Yaran da suka saba wasa a waje sun riga sun tsinci Twi. Amma ɗan shekara huɗu da ya tashi a tsakar gida tsakanin uwa da kaka, Hausa kaɗai yake ji, zai shiga ɗakin da ake magana da harsuna biyu da bai san ko ɗaya ba. Zai yi shiru, a ce ba shi da kai. Zai ji fitsari ya rasa yadda zai faɗa. Don haka a tambaya: malamar ajin tana jin Hausa? In ba ta ji, akwai wani malami ko mai taimako da yake ji? A sanar da ita cewa yaron nan Hausa yake ji, a roƙe ta ta zaunar da shi kusa da wanda zai fassara masa. A gida kuma, kafin a buɗe, a koya masa kalmomi kaɗan da Twi da Turanci: ina jin ƙishirwa, ina son zagayawa, ba ni da lafiya, da cikakken sunansa da na mahaifinsa. Kada kuma wannan ya sa a daina yi masa Hausa a gida. Yaron da ya ƙware a harshen uwarsa ya fi saurin ɗaukar na biyu.

Makarantun da ke gabanmu ba iri ɗaya ba ne. Akwai na ƙaramar hukuma, wanda a nan tun 2018 muna ƙarƙashin Oforikrom. Akwai na mishan, na Katolika da Methodist da Presby da sauransu, waɗanda gwamnati ke biyan malamansu amma coci ke da hannu a tafiyar da su. Akwai na Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987 a ƙarƙashin GES, inda ake haɗa manhajar gwamnati da Larabci da addini. Kumasi tana da tsofaffin makarantun Musulunci da suka yi suna, irin su Wataniyya a Aboabo, da Sakafiya a Sawaba, da Azhariyya a Tafo. Sai kuma masu zaman kansu, da suka cika kowane lungu. Ga waɗannan na ƙarshe, a tambayi lasisinsu na hukumar NaSIA mai sa ido kan makarantu. Fenti mai kyau da motar ɗaukar yara ba su ne lasisi ba.

Ba za mu ce wa kowa ga inda zai kai ɗansa ba. Kowa ya san aljihunsa da nisan gidansa. Abin da muke cewa shi ne a yi tambayar addini a fili, cikin ladabi, tun kafin a rubuta suna. Me ake yi a taron safe? Yarinya za ta iya sa hijabi a kan yunifom? Akwai inda manyan yara za su yi alwala su yi azahar? Ranar Juma'a ƙarfe nawa ake tashi? Tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin yin addininsa, amma mun ga taƙaddamar hijabi a 2015, mun ga ta azumi a wata sakandaren 'yan mata a Cape Coast a 2021. Amsar da aka samu a zaune a ofis, ana murmushi, ta fi wadda za a nema bayan rai ya ɓaci. Iyaye su kuma sani cewa a manhajar da aka fara aiki da ita a Satumba 2019 akwai darasin addini da tarbiyya, inda ake koya wa kowane yaro bayani kan Kiristanci da Musulunci da addinin gargajiya. Idan ya dawo gida da labarin da ba mu saba ji ba, ba faɗa za a je yi ba. Zama za a yi da shi a warware masa. Yaron da ya shiga aji ɗaya da shekara shida, a aji biyu zai kai shekarun da aka umarce mu mu fara sa shi sallah, don haka tun yanzu a tsara lokacin makarantar allo, da yamma ko Asabar da Lahadi, yadda ɗaya ba za ta cinye ɗaya ba, kuma yaron ya samu barci.

Kuɗi kuwa, a makarantar gwamnati babu kuɗin karatu. Tun 2005 gwamnati ke ba makarantu tallafi bisa yawan ɗalibansu. Amma yunifom da takalmi da littattafan rubutu da kuɗin abinci suna kan iyaye, kuma akwai ƙananan kuɗaɗen da taron iyaye kan amince da su. A nemi a rubuta duka a takarda ɗaya, a riƙa karɓar rasit. Shirin ciyar da ɗalibai, shi ma na 2005, ba kowace makaranta ya shafa ba, sai a tambaya.

Bayan an fito daga ofis kada a wuce gida. A roƙa a zagaya. A ƙirga yaran ajin da ido, a ga ko kowa yana da wurin zama. A je bayan gida a gani, ko da hanci zai sha wahala, a ga ko na mata daban ne, a ga inda ake samun ruwa. A duba inda ruwan sama yake bi, domin mun san yadda kwatoci suke cika a wannan yanki da damina. A lura da hannun malamai: GES ta hana dukan ɗalibai, amma bulala ba ta ɓace daga kowane teburi ba. Sannan a karɓi lambar wayar malamar aji, a ba ta lamba biyu, a gaya mata sunan wanda aka yarda ya zo ɗaukar yaron.

Sai hanya. Wanda ya san mahaɗar Anloga da safe, inda motocin Accra da tirela da trotro da pragya suke haɗuwa, ba zai bar ɗan shekara shida ya tsallaka ta shi kaɗai ba, kuma yayarsa 'yar shekara tara ba babba ba ce. Makaranta mai matsakaicin suna a wannan gefen titi tana iya fin mai babban suna a wancan gefen. Kafin ranar buɗewa, uba ya bi hanyar da ƙafa tare da yaron, a daidai lokacin da zai riƙa fita, ya nuna masa inda ake tsayawa da inda ake tsallakawa, da shagon wanda aka sani da zai iya fakewa in wani abu ya faru. Mun ce uba da gangan. Iyaye mata suna ƙoƙari, su ne suke cika taron iyaye da malamai, amma akwai bukatar malamai su san fuskar mahaifin yaro, yaron kuma ya ga babansa ya rufe shago na awa biyu saboda shi.

Ranar farko a tashe shi da wuri, ya sha kokonsa da ƙosai, a yi masa addu'a a bakin ƙofa. In an isa a miƙa shi hannu da hannu ga malamar da aka riga aka sani, a gaya masa wanda zai zo ɗaukarsa da lokacin da zai zo. Zai yi kuka, wataƙila har kwana uku. Kada a sulale a gudu yana kallon wani wuri, kada kuma a tsaya a taga ana leƙe. A yi masa sallama a tafi, sannan a dawo a kan lokacin da aka faɗa masa.