Masu tambayoyi a gonakin Ƙonni

Da an kai amfanin damina gida, sanyi ya fara shigowa, sai a fara ganinsu a tashar Birnin Ƙonni: samari da 'yan mata da jaka a baya, wasu daga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wasu daga Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa. Ɗaliban digiri na biyu ne, masu nazarin raya ƙasa da karkara, sun zo tattara abin da za su rubuta kundi da shi. Manoma sun san su sarai. Tun kafin su yi sallama an gane masu tambayoyi ne suka dawo.

Ba banza suke zaɓar nan ba. Gandun noman rani na Ƙonni, wanda aka gina daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, ya haura hekta 2,400, kuma ruwan koramar Magiya yake sha daga madatsun Mozage da Zango. Hukumar gandayen noman rani ta ƙasa, ONAHA, ke sa ido, ƙungiyoyin manoma ke karɓar kuɗin ruwa. Da laka ta cike madatsun, filin da ake iya nomawa da rani ya ragu, shi ya sa gyaran gandun ya shiga yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta ƙulla da hukumar MCC ta Amurka a 2016. Wa ke fara samun ruwa, wa ke can ƙarshen kanal yana jira, wa ya kasa biya har gonarsa ta koma hannun mai kuɗi: ga karatu a fili.

Ɗalibi yakan hau kabu-kabu tun da sassafe, ya fara da gaida mai gari, sannan ya bi manomi har bakin albasarsa. "Baba, hekta nawa kake nomawa, kilo nawa ka samu?" Baba kuwa da dami da tiya da buhu yake lissafi, cinikinsa rabi da sefa rabi da naira, tunda Illelar Najeriya ga ta nan kusa. In ya zaci wani porje ne zai kawo taimako, sai girbin ya ragu a bakinsa. Ba ƙarya ce ta mugunta ba, hattara ce ta wanda aka sha rubuta sunansa. Ɗaliba mace takan fi dacewa, don ita ke shiga cikin gida ta ji abin da mata ke samu a ƙuli-ƙuli da kiwon awaki, wanda maigida ba ya sa shi a lissafi.

Abin da ke damuna shi ne gajerta zama. Guzuri ba ya kai ɗalibi nisa, sai ya cika takardunsa cikin 'yan makonni ya juya. Alhali darasin yankin Illela ta Nijar yana nan. A 1989 wani shirin asusun raya noma na IFAD ya kai manoman yankin Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake gyara ramukan shuka da ake kira tassa, suka dawo suka gwada a kan faƙo. Daga baya masu bincike suka tarar mutane har sayen faƙon suke yi su farfaɗo da shi, ƙasar da a da ba mai kallonta. Irin wannan sai wanda ya zauna ya sha fura da mutane yake jin sa. Cibiyar bincike ta LASDEL, da aka kafa a Yamai a 2001, a kan wannan doguwar zama da sauraro take horar da matasanta, kuma ya kamata jami'o'i su nemi kuɗin da zai ba kowane ɗalibi damar yin haka.

Bayan watanni ake kare kundin da Faransanci a gaban malamai, a tafa, a ɗauki hoto. Da wuya kwafi ya dawo ofishin ƙungiyar manoma. Da a ce sharaɗin ba da digiri ya haɗa da ɗalibi ya koma Ƙonni kafin dashen albasa, ya tara waɗanda ya tambaya ya faɗa musu da Hausa abin da ya gano, da manoman sun gyara masa alƙaluma da yawa tun a wurin.