Daɓe, Siminti ko Intalok: Wanne Ya Dace da Tsakar Gida?

Bara da na je hutu gida Batsari, na tarar an shimfiɗa tayil mai sheƙi a ƙofar ɗakin kakata. Ruwan farko na damina, santsi ya kwashe ta, ta yi mako biyu tana ɗingishi.

Kafin zuwan siminti, daɓe matan ƙasar Ruma suke yi: a zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi, sannan a shafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Ba ya santsi, ba ya ƙona ƙafa da bazara, sai dai yana son gyara bayan damina.

Siminti ya fi daɗin shara, amma in yashi ya yi yawa a kwaɓin, tsattsagewa yake yi. Intalok akwai tsada, sai dai ruwa na nutsewa ta tsakaninsa, kuma wanda ya fashe kaɗai ake canzawa. Inda mota ko amalanke ke shiga, ni shi zan zaɓa.

In ana aikin a gidanku, kafin magini ya tafi ku zuba bokitin ruwa, ku ga ko ya nufi rariya. Mu dai an fasa tayil ɗin Kaka, an yi mata daɓe.